Shin Sake Rubuta Labarin Bayajida Ɓata Tarihi Ne?

Tambaya daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Kaduna: "Malam, ina rubuta littafi a kan labarin Bayajida, amma ta bakin Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi. Kawuna ya ce wannan ɓata tarihi ne, abin da magabata suka bari ba a sa masa hannu. Ni kuwa ina ganin Turawa da Indiyawa suna ta sake rubuta tsofaffin labaransu har suna yin finafinai da su. Mu ma za mu iya? In za mu iya, ina iyakar abin?"

Amsa:

'Yata, ki ci gaba da rubutunki. Ki kuma gaishe mini da kawu, don damuwarsa ta mai kishi ce, kuma akwai gaskiya a cikinta da zan zo kanta. Amma inda ya ce ba a sa wa labarin hannu, nan ba mu daidaita ba, domin labarin Bayajida da ya iso gare mu hannaye da yawa sun riga sun bi ta kansa.

Duba abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri, wajen 1812. A wurinsa Bawo, wanda 'ya'yansa suka mallaki ƙasashen Hausa, bawan Sarkin Barno ne. A ruwayar Daura kuwa Bawo ɗan Daurama ne, ubansa ɗan Sarkin Bagadaza. Tarihin Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara ya buga a 1908, da Dala da Barbushe da Tsumburbura ya buɗe, sannan Bagauda ya zo, babu rijiyar Kusugu babu macijiya. Waƙar Bagauda ita kuma ta nuna shi mutumin da ya fara sarar daji ya kafa zama, mutane suka biyo shi. Ko a cikin ruwayar Daura kanta akwai sawun masu ba da labari na baya-baya. An ce macijiya ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Mutanen da Musulunci bai zo musu ba tukuna, ina suka san darajar Juma'a? Wani Musulmi ne, a wani zamani, ya ba da labarin da ranakun da masu sauraronsa suka sani. Bai yi laifi ba. Haka labarin baka yake rayuwa, kamar gidan gado na ƙasa ne, duk shekarar da aka ƙi yi masa yaɓe damina ce za ta cinye shi.

Masana ma ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Wani masani Bature, Hallam, a 1966, ya yi ƙoƙarin danganta Bayajida da Abu Yazid, ɗan tawayen da ya yaƙi daular Faɗimiyyawa a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rasu a 947. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya fara shugabantar Gidan Arewa da ke nan Kaduna tun kafa shi a 1970, ya ce ƙasashen Hausa ba baƙo ɗaya ne ya zo ya haife su ba, a hankali suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni mai ganuwa. Saboda haka labarin nan a wurin masu nazarin adabi tarihihi ne. Ya fi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi nauyi, tunda yana da rijiya da fada da zuriya da ake iya nunawa da yatsa, amma bai kai tarihin da ake kafa hujja da shi a kan shekara da rana ba. A wannan tsakiyar ne marubuci yake da filin aiki.

Kin ambaci Turawa da Indiyawa, kamar su suka fara. Adabinmu na boko da wannan aikin ya buɗe ido. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma Ganɗoki ya ɗauki yaƙin zuwan Turawa, abin da ya faru a idon mutanen da ke raye lokacin, ya haɗa shi da ƙasar aljannu. Daga 1937 Imam ya fitar da Magana Jari Ce, inda ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Indiya da na Jamus, ya sa musu riga da rawani har yaro ya karanta ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin tsofaffin waƙoƙin Rasha ne aka mayar Bahaushe. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana ciki, wato an sake ba da labarin da shi ma sakewa ne. In iyayenmu sun iya hausantar da labaran wasu da irin wannan gwaninta, ban ga dalilin da zai hana jikokinsu komawa kan namu na gida ba.

Abin da ya fi faranta mini rai a tambayarki shi ne wadda kika zaɓa. Mafi kyawun irin waɗannan littattafai a duniya ba jarumin suke ƙara wa tsawon takobi ba, wanda aka hana magana a tsohon labarin suke nema. A waƙar Odisi ta Girkawa, da jarumin ya dawo gida bayan shekara ashirin ya kashe mazan da suka mamaye masa gida, sai aka rataye kuyangi goma sha biyu a 'yan baitoci kaɗan, aka wuce. Margaret Atwood ta Kanada, a 2005, ta rubuta littafi ta bakin matar jarumin, ta bar kuyangin nan suna ta katse labarin suna neman a ji nasu. Ola Rotimi a nan gida, a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya ɗauko labarin Girkawa na sarkin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, ya kai shi ƙasar Yarabawa, ya sa ƙyamar ƙabila cikin abin da ya jawo masifar. Kowannensu yana da tambayar da ke cin sa a zamaninsa, tsohon labarin ya ba shi wurin yin ta.

To, ke ma ga taki. Mu tuna yadda ruwayar ta zo. Bayajida ya baro Barno bayan Sarki ya raba shi da dakarunsa da dabara, ya bar matarsa Magira a Garun Gabas inda ta haifi Biram, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya je Kusugu ya sare kan macijiya. Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce ita yake so. Da aka yi aure, saboda al'adar sarautarta ba ta yarda ta kusanci namiji ba, sai ta ba shi kuyanga. Kuyangar ta haihu, aka sa wa yaro Karɓagari. Daurama ta ji sunan, ta gane abin da ake nufi, ita ma ta nemi haihuwa, ta samu namiji ta sa masa Bawo, wato a mayar da garin. Daga Bawo aka sami Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, a haɗa da Biram su zama Hausa Bakwai. Daga Karɓagari kuma aka ce an sami Banza Bakwai, waɗanda Barth, baƙon Bajamushe da ya ratsa ƙasar nan a shekarun 1850, ya jera su: Zamfara, Kabi, Nufe, Gwari, Yawuri, Yarabawa da Kwararrafa.

Dubi matar nan da kyau. Ba a ba ta suna ba, da ƙabilarta kawai ake kiranta. Ba a faɗi daga ina aka kawo ta ba, ko sayenta aka yi, ko a yaƙi aka kamo ta, ko a gidan aka haife ta. Ba a tambaye ta ba kafin a miƙa ta. Abu ɗaya tak aka bari ya fito daga ɓangarenta, sunan ɗanta, kuma sunan nan da'awar mulki ce a tsakar gidan sarauniya. Matar da ba ta mallaki kanta ba, me ya ba ta wannan ƙarfin hali? Ita ta zaɓi sunan, ko Bayajida ne ya zaɓa ya bar ta da ɗaukar fushin uwargida? Yaya zamansu ya kasance da Daurama kafin baƙon ya zo, tunda ba kowace baiwa ce sarauniya za ta amince ta ba mijinta ba? Ita kanta Daurama, wadda ta gaji jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, ta san cewa daga kanta mulkin mata ya ƙare? Waɗannan duk gurabe ne da magabata suka bari a buɗe. In kin cike su ba ki ƙaryata kowa ba.

Ga kuma inda nake ganin littafinki ya fi dacewa da fitowa daga Kaduna a kan ko'ina. Ke ba a Daura kike zaune ba. Kina garin da aka gina a ƙasar da Gbagyi, wato Gwari, suke noma tun kafin Gwamna Lugga ya zaɓe ta, kafin a dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Suna nan a Chikun da Kujama da ƙauyukan da suka kewaye mu, kina haɗuwa da su a Kasuwar Bacci da babbar kasuwa, wataƙila kun zauna aji ɗaya da 'ya'yansu. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke bayan naira ashirin, 'yarsu ce. Labarin da muke koya wa yaranmu a firamare yana kiran kakanninsu banza, kuma muna faɗa ba tare da mun ji komai ba saboda mun saba. A gari irin namu, da ya ɗanɗani abin da rabuwar kai take jawowa har unguwanni suka rabu gida biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Labarin asali yana da aiki, yana gaya wa mutane waye ɗan ɗaki waye ɗan bora. Amma ki lura, wannan labarin da ya ƙasƙantar da su shi ne kuma ya ce uba ɗaya ne. Karɓagari wan Bawo ne. Duka biyun suna cikin ruwayar, kuma marubuciyar kirki za ta riƙe su tare ba ta saki ɗaya ba.

Yanzu ga gaskiyar kawunki. Akwai ɓarna da ake yi da sunan sabuntawa, kuma yana da hujjar jin tsoronta.

Babbarta ita ce a ɗauki sunan namu a lulluɓa wa labarin wasu. Sarauniya Amina ta fi kowa shan wannan. Abin da aka rubuta a kanta tun da can kaɗan ne. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ruwayar Zazzau ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16, wato tazarar sama da shekara ɗari ke nan tsakanin ruwayoyin biyu. Ga kufan Turunku nan a ƙaramar hukumar Igabi, ga ganuwoyin da ake jingina mata, ga makarantar 'yan mata mai sunanta a Kakuri. Fili ne mai faɗi ga mai hikima. Amma fim ɗin da Izu Ojukwu ya yi a kanta, wanda ya fito a Netflix a 2021, da Turanci aka yi shi, kuma Hausawa da yawa da suka kalla sun yi ƙorafi a kan tufafi da tsarin fada da yanayin magana, suna cewa ba su ga Zazzau a ciki ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Laifin ba ƙirƙira ba ce, don dole a ƙirƙira inda tarihi ya yi shiru. Laifin shi ne abin da aka ƙirƙira bai tsiro daga ƙasar ba.

Kwatanta da Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mamani ya ƙara abubuwa da yawa daga kansa, amma ya san Azna, mutanenta masu addinin gargajiya, ya san dajinsu da tsafinsu da yadda suke kallon sarautar. Sakamakon haka matar da kusan ba a san ta ba a wajen yankinta ta zama sunan da kowane ɗan makaranta a Nijar ya sani. Wannan kuma yana ɗauke da nasa haɗarin, kuma shi ne abu na biyu da nake so ki riƙe. Littafi ko fim in ya yi ƙarfi yana danne sauran ruwayoyi. Indiya ta ga haka da shirin Ramayana da gidan talabijin na gwamnatinsu ya fara nunawa a 1987. Labari ne mai ruwayoyi ɗaruruwa a harsuna daban-daban, amma miliyoyin mutane suka tashi da ɗaya kawai a ka, ta talabijin. Saboda haka ki sa ɗan bayani a ƙarshen littafinki, shafi ɗaya ko biyu, ki ce ga abin da na tarar a ruwaya, ga abin da na ƙara. Yaron da zai karanta ki a Rigasa ko Kawo wataƙila daga gare ki zai fara jin labarin, yana da haƙƙin ya san ina ne naki.

Iyaka ta addini a fili take. Ƙissoshin Annabawa da rayuwar Sahabbai ba fagen ƙage ba ne, ba a sa musu maganar da ba su yi ba. Bayajida da Daurama ba sa cikin wannan sahu. Game da nuna tsafi da iskoki a labarin mutanen da suka rayu kafin Musulunci, ki tuna malami Musulmi ne ya rubuta Tarihin Kano, kuma ya bayyana yadda Barbushe yake shiga wurin Tsumburbura da irin yankan da ake yi, bai ɓoye ba, don ba da labarin abu daban ne da kira zuwa gare shi. In kin mayar da mutanen Daura na wancan zamani masu salla da azumi don gudun magana, kin yi musu ƙarya, kuma macijiyar da gari guda yake tsoro har yana kiranta Sarki ta rasa ma'ana. Sai dai ki sani Masarautar Daura tana nan da ranta, rijiyar tana nan ana ziyarta, akwai mutanen da wannan labari shi ne asalin gidansu. Kina iya nuna Daurama da kishi da tsoro da kuskure, don mutum ce. Wulaƙanci ne ba shi da wuri, kuma mai karatu yana bambance su tun a shafin farko.

Sauran aikin na bincike ne, kuma kin yi sa'ar gari. Gidan Arewa yana kan titin Rabah, da ɗakin karatunsa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana nan cikin gari. Gidan kayan tarihi yana kan titin Ali Akilu, ki je ki tsaya gaban tukwane da kayan ƙira ki ga abin da hannun mutanen da yake iya yi. Ki nemi littattafan tatsuniyoyi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ba don labaran kawai ba, don ki ji yadda Hausa take kafin boko ya taɓa ta. Ƙananan abubuwa su ke tona marubuci. Kada Ayana ta yi wa baƙonta tuwon masara ko miyar tumatur da barkono, don masara da rogo da gyaɗa da tumatur da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Ba ta gero da dawa da wake da gujiya, da kuka da daddawa, yajinta kuma masoro da kimba. Kada ki cika fadar Daurama da mayaƙa masu lifidi da sulke, Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara su a Kano. Goro ma ruwaya ta jingina yawaitarsa da zamanin Amina, don haka ki yi hankali da rabon goro a ɗaurin auren.

Sai harshe, wanda a nan ne yawancin matasanmu suke faɗuwa. Sun kalli finafinan jarumai na waje da fassarar Indiya har kunnensu ya saba, sai ka ji sarauniyar Daura tana magana kamar an juyo ta daga wani harshe. Mutanen fada ba sa faɗin abu kai tsaye. Da habaici da karin magana da kirari da shiru suke yaƙi, kuma rikicin sunayen yaran nan biyu shi kansa habaici ne da aka yi da jarirai. Ki je ki zauna da tsofaffin mata, ki saurari yadda kishiyoyi suke aika wa juna saƙo ta waƙar daka ko ta sunan da aka sa wa akuya. Muryar littafinki tana can.

Bagwariyarki kuma tana da harshen uwa wanda ba Hausa ba. Tana da sunan da uwarta ta sa mata, da waƙar da aka yi mata reno da ita, da yadda matan garinsu suke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Waɗannan ba za ki same su a Gidan Arewa ba, sai a bakin mutanenta. Ki nemi wata dattijuwa Bagbagyiya ta yarda ta zauna da ke, ki gaya mata gaskiyar abin da kike rubutawa, har da kalmar banza da ke cikin ruwayar, ki ji abin da za ta ce. In kin gama rubutun farko, kafin ki kai maɗaba'a ko ki fara sakinsa a WhatsApp, ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya daga Daura ɗaya daga Chikun, ki roƙe su kowa ya ja layi a duk inda ya ji an yi wa nasa ƙarya.